Numfashin Jif ɗin Baba

La'asar sakaliya Mati ya shigo gidanmu a kan babur, laka har gwiwa, da wani ɗan bawul na injin mota a aljihun gaban rigarsa. Abin bai fi babban yatsa ba, amma shi muka yi kwanaki muna jira daga cikin birni.

Mati makanike ne, abokina kuma tun muna tallar gyaɗa. Ni Kashim manomi ne, abin da na sani a mota bai wuce tuƙi ba. Unguwarmu tana bayan Gezawa, cikin gonaki, kuma hanya guda ce ke fitar da mu kwalta, ita ma ta cikin fadama ta ratsa. A daminar shekarar hanyar ta zama kunu. Mai adaidaita sahu ko za ka yanka shi ba zai shigo ba.

Mahaifiyata, Inna Falta, ciwon asma ne da ita tun ina ƙarami, amma a makon nan ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Abin shaƙarta ya daina yi mata aiki. Zama a kan babur kuwa ya fi ƙarfinta. Ko dai in kai ta asibiti a ranar, ko in zauna ina kallonta tana neman iska. Abin da zai iya ratsa fadamar nan da ita guda ɗaya ne: tsohuwar jif ɗin marigayi Baba, wadda ke kwance a ƙarƙashin rumfa tun kafin rasuwarsa.

Inna ta sha hana ni taɓa motar. Na ɗauka kewar miji ce, na yi kunnen ƙashi. Na sa batir, na zuba mai, ta tashi, sai dai ba ta jimawa take fara aman baƙin mai ta kowace kafa, ta yi ta kakari, ta mutu. Mati ya duba ya ce injin ne ba ya numfashi. Wai akwai ɗan bawul a saman murfin injin da ke fitar da iskar da ta taru a ciki, in ya toshe sai iskar ta rasa hanya ta dinga turo mai waje.

Ya ɗaga bonet, ya tokare da sanda. Warin tsohon mai ya haɗu da hayaƙin girkin maƙwabta. Da filaya ya sassauta tiyon da ke haɗe da tsohon bawul ɗin, ya murɗo bawul ɗin, ya kaɗa shi kusa da kunnensa.

"Ka ji? Shiru. Mai lafiya ƙas-ƙas yake yi."

Matata Zulaihatu ta leƙo daga soro, muryarta ƙasa-ƙasa. "Inna ta ce don Allah ku bari a yi magariba. Wai ba a buɗe abin da ke rufe da almuru."

"Ki ce mata gwangwani ne ba tulun aljanu ba," in ji Mati yana dariya. "In muka jira duhu, wa zai ga hanya a fadama?"

Gaskiyarsa ce, kuma na goyi bayansa. Daga inda nake tsaye ina jin numfashin Inna ta taga, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

Mati ya leƙa cikin tiyon, ya tsuke fuska, ya zura waya. Da ƙyar ya zaƙulo wani ɗan ƙulli. Jar fata ce aka ɗinke ta, aka shafe da kakin zuma, aka cusa can ciki.

"Aikin makanikan daji ke nan," ya ce. "Mota ta yi tari, a toshe mata hanci. Allah ya ji ƙan Baba, an cuce shi."

Kafin in ce ya ba ni in gani, ya wurga shi ta saman danga, ya faɗa cikin gero.

Daga nan ya yi abin da kowane makanike ke yi. Ya goge bakin tiyon da gefen riga, ya sa a bakinsa don ya busa ya ji ko hanya ta buɗe. Kumatunsa suka cika. Sai kuma na ga sun lotsa ciki.

Ya fizge tiyon, ya tofar da yawu.

"Lafiya?"

"Ja na ya yi," ya ce a hankali.

"Motar a kashe take fa."

"Na sani."

Wani wari ya taso daga tiyon. Ba na mai ba ne. Warin ruɓaɓɓiyar ciyawa ne da ruwan da ya daɗe a kwance, da sanyi-sanyi a cikinsa. Kajin da ke kiwo a gindin rumfar suka watse lokaci guda. Muka dubi juna. Sai Inna ta yi wani tari mai tsawo a ɗaki, maganar ta mutu a nan. Mati ya danna sabon bawul, ya mayar da tiyon, ya ɗaure.

Bugu ɗaya ta tashi.

Tun da nake ban taɓa jin injin nan da irin wannan laushi ba. Babu hayaƙi, babu karkarwa. Na ciccibo Inna na kwantar da ita a baya, kanta a cinyar Zulaihatu. Ta riƙe wuyan rigata tana son faɗin wani abu, iskar faɗin ce babu. Mati ya zauna kusa da ni. Ana kiran salla muka fita, na ce a raina ma yi a Gezawa.

Gero ya rufe mu hagu da dama. Gidaje suka ƙare. Sama ta yi ja, ta fara komawa toka. Jif ɗin tana keta laka kamar a kan kwalta take, ni kuwa har hamdala nake yi.

"Kashim," Zulaihatu ta raɗa. "Rage gudu."

"Me ya faru?"

"Duk sanda ka taka, sai numfashinta ya ɗauke."

Na ɗaga ƙafa daga totur. A bayana na ji Inna ta ja iska, siririya. Na sake takawa kaɗan. Shiru. Na ɗaga. Ta ja.

Na dubi Mati, na ga shi ma ya ji.

Mun riga mun shiga fadama. Kwaɗin da ke cika wurin da kuka kullum, ko ɗaya ba ya motsi. Warin nan na tiyo ya cika motar, yanzu ta ramukan iska na gaban mota yake fitowa.

Sai aka yi magana.

"Kashim. Ƙara wuta."

Muryar Inna ce, tangaran, babu kakari. Ƙafata har ta fara sauka kan totur. Abu ɗaya ya tsayar da ni. Ni ne ɗan farinta, kuma tun da ta haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana da bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, ko a gaban wa.

Kuma muryar ba daga baya ta fito ba. Daga ƙarƙashin bonet ta fito.

Na taka birki, na murɗe makulli, na zare shi.

Injin bai mutu ba.

Ina riƙe da makullin a hannuna, injin yana ta aiki, a hankali, yana hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci.

"Ta daina!" Zulaihatu ta fasa kuka. "Inna ta daina numfashi!"

Mati ya dira cikin laka. Na bi shi. Ya ɓalle bonet, na riƙe masa. Ya fizge kan batir. Fitilu suka mutu, injin bai ko girgiza ba. Ya cire tiyon daga jikin sabon bawul, ya toshe da babban yatsa. Na ga fatar yatsan tana shigewa ciki. Ya zare da ƙyar, ya cusa tsumma. Tsumman ya wuce, fuf, kamar an haɗiye loma.

"Kashim," aka sake cewa, dab da fuskata. "Saura kaɗan."

Na kama Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya na ɓata, na koma farko.

Mati ya ninke tiyon biyu, ya zaro waya daga aljihu. Ninkin yana buɗewa da kansa. Waya tana son hannu biyu, ni kuma in na saki bonet a kansa zai faɗo. Ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya yi abin da ya saba yi da ƙusa da noti idan hannuwa sun cika: ya kama da haƙora.

Bakin tiyon yana cikin bakinsa.

Na ga rigarsa ta manne da haƙarƙari.

Idanunsa suka firfito. Hannuwansa ba su tsaya ba. Ya naɗa waya, ya naɗa, ya murɗe da filaya.

Injin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

Ya tsaya.

Mati ya zube a laka. A cikin mota Inna ta ja wani numfashi mai ƙarfi, irin na wanda aka tsamo daga rijiya. Sai kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Ban san yadda muka fita ba. Na goya Inna, Zulaihatu ta rataya hannun Mati a kafaɗarta tana jan sa, ba wanda ya waiwaya. A bakin kwalta wani mai ɗaukar kayan gwari ya tausaya mana ya kai mu Gezawa.

Da safe likita ya sa abin aunawa a ƙirjin Inna, ya daɗe yana saurare, ya tambaye ni wa ya ce tana da asma. A gadon asibitin Inna ta ba ni labari. Wata damina Baba ya maƙale da motar a fadamar nan da almuru, bututun hayaƙinta cikin ruwa, ya yi ta ba ta wuta har ta fita. Tun daga ranar, in gari ya yi shiru, sai su ji motar tana numfashi a ƙarƙashin rumfa. Wani malami ya zo ya yi abin da ya yi, Baba ya ajiye tuƙi. Bai taɓa gaya mata inda malamin ya cusa layar a jikin motar ba, ita kuma ta ji nauyin faɗa mana, kada a ce tsufa ya fara taɓa ta.

Jif ɗin tana nan a fadama. Masu shanu sun ƙi ja, ni ma ban matsa ba. Hanya ta kauce mata da kanta, yanzu ta gefen gonar rake ake bi.

Inna ta warke sarai. Tana daka, tana tafiya biki a ƙasa har unguwanni, tana yi wa jikoki tsawa daga wannan katanga zuwa waccan.

Mati kuwa ya rufe gareji. Warin mai kaɗan ya ishe shi ya faɗi. An kai shi birni, an kai shi wajen malamai, kowa ya gwada nasa. Kullum da yamma Inna takan zuba tuwo a kwano mai murfi ta ce in kai masa da hannuna, ba ta yarda a aiki kowa. Nakan same shi a zaure, jingine da bango, da abin shaƙa a cinya. Yakan yi ƙoƙarin tsokanata kamar da, maganar ta tsinke a tsakiya. Tarin da na tashi ina ji a ɗakin Inna, shi ne a ƙirjinsa, har yadda yake sarƙewa a ƙarshe.

Rannan ya kama hannuna, ya jira iska ta zo masa, ya ce, "Yaya Inna?"

Na ce lafiyarta ƙalau.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Aiki ya yi kyau."

Na fito na tsaya a bayan katangarsa na yi kuka. Ina son Mati har raina. Amma da za a tsayar da ni a ce in zaɓa a mayar da ciwon inda ya fito, Allah ya sani ba zan iya buɗe baki ba, shi ma kuma ya san haka.