Mai Lasar Sim na Jujin Mahauta

Ku matso kusa. Wanda ya san zuciyarsa na saurin tashi ya ajiye kwanon tuwon nan tukuna, don ni ba zan kwashe aman kowa ba.

Saude 'yar Malam Ɗanjuma tela ce, can gangaren kwata. Lissafi ya kayar da ita a jarrabawar shiga jami'a, babanta ya ce wannan karon ne na ƙarshe, in ta sake faɗi sai ta hau keken ɗinki. Yayanta ya sa ta a wani aji na intanet, inda wata Malama Asabe ke koyarwa kai tsaye daga birni kullum bayan magariba. Dokar ajin ɗaya ce: wanda ya cika fashi, a cire sunansa a ba wani gurbin.

To gidansu a kwari yake, sabis ba ya sauka. Da ta buɗe manhajar sai ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa. Ta kashe waya ta kunna. Ta cire sim ta goge da bakin zani. Ta goge manhajar ta sake saukewa. Ta canza lambar sirri har ita kanta ta manta. Ta hau turmi, ta hau katanga. A banza! Ran nan saƙo ya shigo: in ba a gan ta yau ba, an cire ta.

Wuri ɗaya ne sabis ke kamawa a unguwar, kan jujin mahauta. Kun san shi. Nan ake zubar da kayan ciki da jinin da ya kwana. Tir! Ko kare sai ya yi shawara kafin ya hau. Ana kiran magariba yarinyar nan ta toshe hanci da mayafi ta nufi can ita kaɗai. Ko bisimilla ba ta yi ba, idonta na kan waya.

Ƙafarta na nutsewa cikin abu mai ɗumi. Ta kai tsakiya ta ɗaga waya sama. Da'ira na juyawa.

Sai ta lura ƙudaje sun yi shiru.

Wani mutum na tsugune gefenta, da faranti cike da matattun wayoyi. Rigarsa ta yi maiƙo har tana ƙyalli. Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai daga baya muryar ta iso.

"Ta ƙi shiga?"

Ta ja da baya. Amma ta duba lokaci, an fara darasi.

"Ta ƙi, Baba."

"Kawo."

Ta miƙa. Da farce ya zare sim ɗin, wani dogon farce baƙi. Ya fito da harshe. Wayyo, harshen nan! Tsanwa-tsanwa, da gashi a kansa, yana ɗigar yawu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya lashe sim ɗin gaba da baya. Ya lashe fuskar wayar. Ya zura tsinin harshen a ramin caji, tana jin ƙarar tsotsa.

Ya mayar da sim ɗin, amma ya riƙe wayar bai sakar mata ba. Baki ya motsa. Ta jira muryar.

"Sai kin ce kin yarda."

Kun san yadda muke yi in waya ta kawo dogon rubutu, mu danna kawai mu wuce. Haka ta yi. Ba ta tambayi da me za ta yarda ba.

"Na yarda."

Sabis ya cika fal. Ta karɓe wayar da bakin mayafi, tana santsi a hannunta, ta zura da gudu ba waiwaye.

A ɗaki ma sabis bai ragu ba. Ta wanke ƙafa, ta goge wayar da turare, amma ƙarnin yana nan. Ta danna. Nan take ga Malama Asabe tar, ko tsinkewa babu. Daɗi ya kama Saude har da ƙwalla. Ta kunna kyamara ta gaishe ta.

Malama ta dakata da rubutu. Ta matso da fuska.

"Saude, waye wannan a bayanki?"

"Ni kaɗai ce, Malama."

"Ki ce masa ya daina. Ba tarbiyya ba ce. Yana lasar miki kunne a gaban aji."

Sai ta ji danshi. Ɗumi-ɗumi, yana gangarowa wuyanta.

Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka fito. Ta yi waje, ta cilla wayar a ramin shadda, ta durƙusa ta yi ta kelaya amai. Malam Ɗanjuma ya kwana yana mata tofi. Ta dirji kunnen nan da sabulun salo har ya yi jini. Daga ranar ko wayar wani aka miƙo mata sai ta kau da kai. Jarrabawa ta zo ta wuce, ba ta iya zuwa ba. Yanzu tana shagon babanta tana sa maɓalli.

Bayan an gama zangon, Malama Asabe ta kira yayanta don ta yaba. Ta ce tun daga ranar nan Saude ba ta sake fashi ba, ita ce farkon shiga, ita ce ƙarshen fita. Kyamara dai a rufe. In an yi tambaya takan amsa, sai dai muryar ta yi kauri, kuma tana makara.

Saboda haka in sabis ya ƙi ku, ku haƙura ku zauna a gida. Kada na ji wani ya hau jujin nan shi kaɗai da magariba. Wanda kuma ya ce muku ku yarda, ku tambaye shi da me.