Ruwan Zafi a Rariya

Abdulsalami ɗalibin ilimin halittun teku ne a Birmingham, kuma da yamma yakan yi aiki a wani gidan nuna kifaye. Aikinsa shi ne ya goya tulun iska, ya nutse cikin babban tanki, ya kankare gansakuka daga bangon murjani. Mutumin da ya tashi a Gusau, inda ko rafi uwarsa ba ta barinsa ya je, ga shi yau yana gogayya da kunkuru mai girman tabarma.

Ran nan sanyi ya yi tsanani, magariba ta faɗo da wuri. Ya dafa ruwa a buta, ya sirka kaɗan ya ɗuma rigar nutsonsa. Sauran tafasasshen ya sheƙa a rariya.

Wani siririn ƙara ya fito daga ciki, kamar na jariri.

Nentawe, abokin aikinsa mai riƙe masa igiya, ya ɗago kai.

"Mutumina, ruwan zafi da magariba, ko bismilla babu? Ni da nake zuwa coci ma kakata ta hana ni."

"Pipe ne kawai. Nan UK ne fa," in ji Abdulsalami, ya yi dariya ya faɗa ruwa.

A ƙasa babu abin da yake ji sai numfashinsa. Ya fara kankara. Can ya lura kifaye sun watse. Manyan kifayen shak ɗin nan masu cin nama da ba sa kula kowa sun takure a kusurwa guda, kunkurun ma ya juya baya.

Sai ruwan ya fara ɗumi wajen ƙafarsa.

Ya duba. Wani ɗan ƙaramin hannu ne ya fito daga ramin murjani, ya riƙe masa idon sawu. Fatar hannun duk ta saɓule.

Ya fizga. Ko motsi.

Ya ja igiya. Ta taho masa a sake.

Bayan gilashi, yara 'yan kallo suna ɗaga masa hannu suna dariya, sun ɗauka wasa yake.

Sannan inuwa ta rufe fitilun sama. Faɗinta ya kai bangon duka, kuma ba kifi ba ce. Ta sauko a hankali har ya ji zafinta a fuskarsa. Bai ga ido ba, amma ya san uwa ce take dubansa.

Allurar ma'aunin tulunsa ta shiga jan layi, iska ta kusa ƙarewa.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Yana so ya ba da haƙuri, robar shaƙar iska ta toshe masa baki.

Ya cire ta.

Da sauran numfashinsa ya ce, "Bismillahi. Ku yafe mini, ban gani ba." Kumfa kawai ta fita.

Ƙirjinsa ya ɗauki wuta.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Nentawe ne ya jawo shi waje, yana rantsuwa igiyar ba ta taɓa motsi a hannunsa ba. Likita ya duba ƙafar ya ce ƙunar ruwan zafi ce, ya rasa yadda aka yi ta fito da shatin 'yan yatsu.

Abdulsalami bai sake nutso ba. Har yau in ya dafa taliya a ɗakinsa na unguwar Sparkbrook, sai ya ajiye ruwan ya huce sarai. Sannan ya sunkuya bakin rariya, ya yi sallama a hankali, ya jira a kwashe yara.