Dalma a Cikin Baƙar Kwambata

Rana ta yi ja a kan rufin kwanon Agege lokacin da Abdulganiyu, dillalin fata a Oko-Oba, ya jera ƙananan akwatuna uku a kan tebur. Kwambata ake ce musu, su ne ke karɓar lambobin da ke cikin faifan CD su mayar da su sautin da lasifika za ta fitar. Wani abokinsa na Oshodi ne ya ba shi su, ya gwada ya zaɓi ɗaya. Abdulganiyu kuwa, in dai a kan sauti ne, sai tuwonsa ya huce sau uku bai sani ba.

Ta farko muryarta siririya ce, ta biyu kuma ganga ta danne komai. Ta ukun tokumbo ce, wato kwancen ƙasar waje, baƙa, da tsatsar jirgin ruwa a gindinta, amma da ya jona ta sai da ya ji har numfashin mai busa sarewa. Aibinta ɗaya, tana ɗan tsaki ta hagu. Ya kwance murfinta, ya ɗora ƙarfen dalma ya yi zafi.

"Baban Muhsina, an fa kusa kiran magariba," in ji matarsa Baiwa daga bakin ƙofa. "Ka bari sai gobe, abeg."

Ko kai bai ɗaga ba. Uwar da ta haife shi ba ta taɓa zubar da ruwan zafi babu bisimilla ba, amma shi ya ɗiga narkakkiyar dalma cikin duhun akwatin nan bakinsa a rufe. Sai lasifikokin biyu suka tsala ihu irin na jariri, alhali ya zare wayarsu.

Sai ga jifa, ba a ganin mai yi. Dutsen farko ya tarwatsa gilashin taga. Na biyu ya tsaga goshin Baiwa. Sannan Muhsina, 'yarsu tilo mai shekara tara, ta miƙe daga kan tabarma, ta ɗaga lasifikar da ƙarti biyu ke ɗauka da ƙyar, ta maka ta da bango. Ta juya ta shiga buga goshinta da siminti, jini yana bin haɓarta.

Maƙwabta huɗu ne suka danne ta, aka ɗauko Malam Oumarou, mutumin Maraɗi, a kan okada. Ya yi ta karatu a kunnenta har muryarsa ta dushe. Can sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya ƙona mini ɗa a cikin ɗakina. Zan tafi da tasa."

"Yarinya ba ta ƙona kowa ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"To, mai laifin ya matso."

Malam ya ce wa Abdulganiyu kada ya kuskura, ba a ciniki da aljanu. Amma wuyan Muhsina ya soma murɗewa baya, har ana jin ƙarar ƙashi. Cike da nadama, Abdulganiyu ya rarrafa ya durƙusa a gabanta.

"Ga ni. Ki ɗauki abin da kike so a jikina, ki bar mini 'yata."

Yarinyar ta fizge hannuwanta daga riƙon maƙwabta. Ƙananan tafukan nan biyu suka sauka a kan kunnuwansa lokaci guda, da ƙara kamar tayar motar danfo ta fashe. Ya kife a ƙasa. Ita kuma ta yi atishawa sau uku, ta sulale.

Da ya farfaɗo, jini na tsiyaya daga kunnuwansa, Muhsina tana riƙe da rigarsa tana kuka, wuyanta lafiya lau. Ya ga leɓɓanta suna cewa Baba, Baba. Ya rungume ta yana hawaye, yana ta roƙonta ta ɗan ɗaga murya.