Kujerar Bakin Ƙofa

Barkono ne ya fitar da Wubalem daga gida ran nan. Surukarta ta ce yajin da ake sayarwa a unguwarsu ta Saris rabinsa garin jan bulo ne, sai dai a je kasuwar Merkato a sayo busasshe a kai niƙa, kuma maganar wannan suruka ba ta faɗuwa ƙasa banza. Haka Wubalem ta goya 'yarta Lomi, wadda ko tsayuwa ba ta fara ba, ta kama hanya. Kafin ta gama ciniki hadari ya haɗo. Ta iso tashar jirgin ƙasa na cikin birni dab da magariba, jakar barkono a hannu ɗaya, lema a ɗayan, ana yayyafi.

Wanda bai shiga jirgin nan a irin wannan lokaci ba bai san matsi ba. Tarago biyu ne, amma rabin Addis Ababa ke son shiga. Ba ka shiga da ƙafarka, tura ka ake yi, in ka yi sa'a ka shiga da takalmanka duka biyu. Ciki kuwa warin jiƙaƙƙun riguna, da zufa, da na soyayyen sha'ir da wani ke tauna.

"Bawan Allah, haƙarƙarina ba wurin jingina ba ne," in ji wata mata.

"To ki ce wa maigida ya saya miki mota mana," ya ce, aka yi dariya.

Lomi ta fara tsala kuka, don wani ƙato ya danne ta da jakarsa. Wubalem ta kwance goyon da ƙyar, ta juyo da ita gaba. Babu hannun da za ta kama ƙarfe da shi. Jirgin na tashi ta yi taga-taga.

"Kawo ta nan, 'yata."

Wata tsohuwa ce a kujerar bakin ƙofa, lulluɓe da farin mayafi, tana buga cinyarta da tafin hannu. Wannan ba wani abu ba ne. Haka ake yi tun zamanin manyan motocin haya: na zaune shi ke riƙe ɗan na tsaye, in an iso tashar uwar a miƙa mata abinta. Wubalem kanta ta riƙe 'ya'yan mutane ba adadi, wasu har sun yi mata fitsari a zane. Ta miƙa Lomi ta ce, "Allah ya saka, Mama." Yarinyar na sauka a cinyar tsohuwa ta yi shiru, uwar ta ji daɗi har cikin ranta.

A tashar Lideta wata tawagar ta danno ciki. Aka tura Wubalem baya, aka ƙara tura ta, har sai ta yi ɗage take hango ƙeyar 'yarta ta tsakanin kafaɗu. Jirgin yana saman doguwar gada yanzu, fitilun motoci can ƙasa suna rarrafe cikin ruwa. Ya wuce tashar Meksiko. Ƙafafunsa suna kuka a kan dogo.

Sai wuta ta ɗauke.

Jirgin ya ɗan gangara, ya tsaya. Wannan ma ba baƙon abu ba ne. Aka yi ta tsaki. Wani ya ce yau ma a nan za a kwana, a aika gida a kawo gurasar injera. Wayoyi suka kunnu ta bayan Wubalem, nan da can.

Ta gabanta ko waya ɗaya ba ta kunnu ba.

Ta lura da wari. Ba na zufa ba, ba na barkononta ba. Turaren coci ne, a ƙarƙashinsa kuma warin ɗanyar ƙasa da aka haƙo yanzu.

Da ɗan hasken da ya rage a taga ta dubi mutanen da ke tsakaninta da ƙofa. Duk farin mayafi. Maza da mata, duk sun ba ta baya. Yaushe suka shigo? Ta dubi mayafin na kusa da ita. Gefen ado yana sama, ya zagaye kai. Ta dubi na gaba, haka. Na gaba da shi, haka. Ko yaron goye a garin nan ya san ba a juya mayafi haka sai don mutuwa.

Wata murya ta fara waƙa ƙasa-ƙasa. Wubalem ta ɗauka rarrashi tsohuwar ke yi. Ta kasa kunne. Tare da waƙar akwai wani sauti, dif, dif, a hankali. Tafin hannu ne a kan ƙirji. Kukan makoki ne.

Kuma Lomi, da ba ta jure duhu ko na ƙiftawar ido, ba ta ce uffan ba.

"Mama," in ji Wubalem. "Miƙo mini ita, na gode."

Waƙar ta tsaya.

"Ba ki iso tasharki ba, 'yata."

"Ba komai, zan riƙe ta haka."

"Ki bari. Ta yi barci."

Wubalem ta saki jaka da lema, ta kutsa kafaɗarta tsakanin mutum biyu. Jikinsu sanyi ƙalau, kamar randa da asuba. Ba su ture ta ba, ba su kuma matsa ba. Ta bayanta tana jin ana ta hira da dariya, amma can nesa, kamar daga wani gida.

"Daga jana'izar wa kuke?" ta tambaya, don dai ta ji bakinta na motsi.

"Ba daga can muke ba," in ji tsohuwar. "Can za mu."

"Ta wa?"

Tsohuwar ta sunkuya ta gyara wa Lomi hula.

Ƙofa ta yi huci ta buɗe.

Babu wuta, amma ta buɗe. Babu tasha a wajen. Iska ce kawai da ruwa, da baƙin sarari, da titi can ƙasa.

Na farko ya taka waje. Wubalem ta jira ta ji faɗuwarsa. Ba ta ji ba.

Na biyu ya bi. Na uku.

Tana kutsawa, suna raguwa. Ta kira sunan Budurwa Maryama a zuci, ta sake kira.

Tsohuwar ta miƙe, Lomi a kafaɗarta. Hannun yarinyar na lilo.

Taku biyu ne tsakaninta da ƙofa. Wubalem ta san in ta kai hannu ta fizga, su ukun za su tafi. Ta san kuma roƙo ba zai yi ba. Ta faɗa kan kujerar da tsohuwar ta bari. Sanyin kujerar ya ratsa ta har ƙashi.

Sai ta ji tafin hannunta yana buga cinyarta.

"Mama," ta ce da raɗa. "Kina tsaye. Kawo ta nan."

Tsohuwar ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa.

Ruwa na bugun rufin jirgi.

Ta juyo a hankali. Wubalem ba ta dubi fuskarta ba, har yau kuma tana gode wa Allah da ba ta duba ba. Hannayen kawai ta gani, busassu, da ƙasa a ƙarƙashin farce.

"Ni ce a zaune," in ji Wubalem. "Haka ake yi."

Daga waje, inda babu wurin tsayawa, wani ya yi gyaran murya.

"Haka ake yi," in ji tsohuwar, kamar mai jin haushin kanta.

Nauyi ya sauka a cinyar Wubalem. Ta ƙanƙame shi, ta runtse ido. Jikin yarinyar sanyi. Ba ta motsi. Wubalem ta tura fuskarta cikin wuyan 'yar, tana hura mata iska, tana murza bayanta, tana kiran sunanta.

Lomi ta ja numfashi, ta callara ƙara.

Fitilu suka kawo. Ƙofa a rufe take. Taragon cike maƙil kamar ɗazu, babu farin mayafi ko ɗaya. Ƙaton nan mai jaka yana tsaye a kanta yana hararar ta.

"Ke kuma ta ina kika bi kika samu kujera?" ya ce. "Ga barkononki can ana ta takawa."

Ba ta ɗauki barkonon ba. A tashar Legehar ta sauka, ta taka da ƙafa cikin ruwa har Saris, hannayenta biyu a kan 'yarta. Surukarta ta buɗe baki za ta tambayi yaji, ta ga idanunta, ta rufe.

Lomi ta yi zazzaɓi ta warke. Ta yi ƙiba, ta yi haƙora, ta fara tafiya da wuri. Wubalem ba ta ƙara shiga jirgin birni ba, kowa kuma ya ce tsoron matsi ne, ta bar su a haka. Abin da ba ta iya bayyana wa mijinta Getaneh ba shi ne dalilin da ya sa ta kwashe kujerun ɗakinsu ta rabar, har baƙo sai dai ya zauna a bakin gado. Shi yana wurin aiki da magariba, bai taɓa gani ba. Ita ce ta ga yadda yarinyar ke barin wasanta in rana ta faɗi, ta tafi gaban kujerar da babu kowa a kai, ta ɗaga hannuwa biyu a ɗauke ta.