Motar Da Aka Ce Fuskarta Ce

Ana janye ƙyallen da aka lulluɓe sabuwar motar da shi, Auta ta zaro ido.

"Innalillahi..."

Abin da ya iya fita daga bakinta ke nan.

Motar tana juyawa a hankali a kan dandamali, fitilun ɗakin taron sun haske ta ta ko'ina. Gabanta ya kumbura kamar fuskar wanda zuma ta harba. Ragar gaba ta wage baki tun daga bonet har kusan ƙasa. Fitilunta wasu 'yan siraran tsagu ne, kamar idon mage mai jin haushi. A gefen bamba ga wasu ramukan iska na roba, waɗanda ko daga inda take zaune Auta ta gane a toshe suke. Ado ne kawai.

Wannan ce motar da Dogo ya yi shekaru yana zanawa. Dogo saurayinta, mai zanen motoci a kamfanin da ya ƙera ta, wanda ko hotonta ya hana ta gani, wai sirrin aiki ne.

Yayanta da ke zaune kusa da ita ya sunkuyo.

"Auta, wannan mota ce, ko kwaɗo ne ya haɗiye firiji?"

"Yaya, don Allah ka yi shiru..."

Sai ga Madam ta hau dandamali da makirufo. Ita ce shugabar sashen talla, kuma ba yau ta fara yi wa Dogo kwalliya ba. Kowa a kamfanin ya sani, shi kaɗai ke nuna bai gane ba.

"Jama'a, akwai wani sirri mai daɗi!" ta ce tana murmushi. "Mai zanenmu da bakinsa ya gaya mana, fuskar budurwarsa ya kalla ya zana wannan motar. Kuma ga ta nan a cikinmu!"

Kafin Auta ta motsa, kyamara ta juyo kanta. Babban allon bango ya rabu biyu. Ɓari ɗaya fuskarta, ɓari ɗaya gaban motar.

Ɗakin ya yi tsit.

Sai wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa. Shi ke nan, kamar jira ake yi. Wayoyi suka tashi sama.

Ta nemi Dogo da ido. Yana tsaye a gefen dandamali cikin kwat ɗinsa, bakinsa a buɗe, gumi na bin wuyansa. Ta jira ya karɓi makirufon. Ta jira ya ce wani abu, ko kalma ɗaya ce.

Bai ce komai ba.

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kafin gari ya waye hoton ya zaga ko'ina. Motar ta samu suna, Kwaɗo. Ita kuma ta samu nata, Amaryar Kwaɗo.

A garejin Baba, mahaifinta, take aiki, ita ce mai haɗa fenti. Tun tana ƙarama take tsakanin gwangwanaye, har ta kai idan aka kawo mota mai tsohon launi da ya koɗe, kallo ɗaya take yi ta haɗa irinsa. Ranar kuwa ko burushi ta kasa ɗagawa. Wani direba ya leƙo ɗakin fenti ya ce, "Ashe ke ce! Wallahi kin fi ta kyau, kar ki damu." Ya ɗauka lallashi yake yi.

Baba yana ƙarƙashin rumfa yana buga ƙofar wata tsohuwar mota da guduma. Mutum ne da ya tsufa a gyaran bodi, kuma bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga motocin zamani ba. Ya ajiye gudumar.

"Zo nan, Auta."

Ta zo ta durƙusa.

"Dubi wannan," ya ce yana shafa gefen tsohuwar motar. "Layi ɗaya ne daga fitila har wutsiya. Mutum ɗaya ya ja shi, kuma ya san abin da yake so. Na yanzu fa? Duk kamar sabulu da aka yi wanka da shi aka yar. Ka cire tambari, uwar da ta haife su ma ba za ta bambance su ba. Sai fushi, kowace mota tana harararka kamar ka ci bashinta."

"Baba..."

"Ban gama ba. Yaron nan, ɗayan biyu ne. Ko dai idonsa ba ya ganin kyau, ko kuma bakinsa ba ya faɗin gaskiya. Ni ba na ba da 'yata ga makaho, ba na ba maƙaryaci. Maganar aure ta mutu."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta yi musu ba, don ita ma abin da ke cin ranta ke nan.

Da la'asar sai ga Dogo. Yaya ya tare shi a bakin ƙofa da sifana a hannu.

"A'a, uban kwaɗi! Ka zo duba sauran dangi ne?"

"Yaya, ka yi haƙuri, minti kaɗan zan yi."

Auta ta ce a bar shi. Ya shigo ɗakin fenti, idanunsa jajur kamar bai runtsa ba.

"Rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan!"

"Ki saurare ni."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na faɗa."

Sai da ta dafa teburi.

"Ka faɗa?! To haka nake a idonka? Wannan bakin nawa ne? Waɗannan idanun nawa ne?"

"Wallahi ba wannan motar nake nufi ba! Ranar da na faɗa, wata mota ce daban. Auta, mu da laka muke fara aiki. Mukan gina motar da laka, daidai girman ta gaske, mu yi ta kankare ta da hannu. Ta farkon da na yi, gabanta ƙasa-ƙasa ne, fitilunta manya masu sanyi, gilashi ko'ina. Ranar da na gama ta na tsaya ina kallo, na ce wa abokan aikina, wannan Auta ce. Madam tana wurin, ta ji."

"To ina take? Nuna min ita."

"Babu ita."

"Kamar ya babu?"

"Lakar ɗaya ce. A kanta aka yi ta ƙari da ragi har ta koma abin da kika gani."



Daga nan sai bakinsa ya buɗe kamar famfo.

"Masu kula da haɗari suka zo suka ce a ɗaga bonet, don idan an buge mai tafiya a ƙasa kada kansa ya daki inji. Gaskiyarsu ce. Aka ɗaga. Suka ce a ƙara kaurin ginshiƙan da ke riƙe rufin mota saboda kifewa, gilashi ya ragu. Masu lissafin iska suka ce a matse bayan don ta rage shan mai. Duk wannan zan iya zama da shi, da an bar ni na sake daidaita ta. Sai 'yan talla suka ce mutane yanzu a waya suke ganin mota, hoto ɗan ƙarami, dole a faɗaɗa raga a gane ta daga nesa. Manaja ya ce motar abokan hamayya tana da fuskar faɗa, tamu ma a sa mata. Wani ya ce a ƙara ramukan iska. Na ce injin ba ya buƙata. Ya ce a sa na ƙarya."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya kawar da kai.

"Dogo, da kai nake. Duk wanda ya zo da tasa, me ka ce?"

"Na ce... to."

"Kowa?"

"Kowa."

Ta zauna a kan gwangwanin fenti a hankali. Abin ya fi dariyar jiya girgiza ta.

"Ashe ba makaho ba ne kai. Ba kuma maƙaryaci ba. Da ma ɗayan biyun ne, da ya fi min sauƙi."

"Auta..."

"Ka ce motar ni ce. Aka zo ana yanka ta a gabanka, yau hanci, gobe ido, kana tsaye kana cewa to. Jiya aka sa fuskata a bango ana dariya, kana tsaye. To ranar da na shiga gidanka fa? Mamanka ta ce a gyara nan, Gwaggonka ta ce a rage can. Me zai saura a jikina?"

"Ba haka ba ne, zuciyata..."

"Haka ne. Tashi ka tafi."

Ya fita yana haɗa hanya. Yaya ma da ya shirya masa wata baƙar magana, da ya ga fuskarsa sai ya haɗiye ta.

Kwanaki suka wuce ba kira, ba saƙo. Auta ta rame. Tana haɗa shuɗi ya fito toka-toka, Baba yana gani yana kawar da kai.

Rannan da hantsi wata doguwar mota ta tsaya a bakin gareji. Maman Dogo ce ta fito, da Gwaggonsa, da Kawunsa, shi kuma yana biye a baya kamar wanda aka kamo. Abin da ya sa Auta ta saki murfin gwangwani ya faɗi shi ne mace ta ƙarshe da ta fito.

Madam!

Wai ita ta kawo su a motarta, don a yi sulhu.

Baba ya sa aka jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Maman Dogo ta share tata da hankici kafin ta zauna.

"Malam, yaron nan ya ƙi ci ya ƙi sha," ta ce. "Shi ya sa muka tako. Mun yarda a yi auren. Amma akwai 'yan gyare-gyare."



"Na farko, ta bar aikin nan. Matar ɗana ba za ta riƙa warin fenti ba."

Gwaggo ta karɓa. "Ga faratan nan, a yi wani abu a kai. Da kuma yadda take magana gatsal-gatsal kamar ɗan tasha."

Kawu ya gyara murya. "Zuwa nan ɗin ma a rage. Ba don komai ba, saboda idon mutane."

Madam ta yi murmushinta na ranar taro. "Ni kuma nawa alheri ne. Hoton nan ya ja hankalin jama'a fiye da duk tallan da muka taɓa yi. Kamfani yana so ta tsaya kusa da motar a ɗauki na gaske. Dogo kuma ƙarin girma na jiransa."

Yaya ya miƙe. Baba ya riƙe masa hannu. Jijiyar wuyan tsohon ta tashi. Dogo yake kallo.

Auta ma shi take kallo. Ta san kalmar da za ta fito. Har ta fara jin ta a kunnenta.

Maman ta juya ga Dogo. "Ko ba haka muka yi da kai ba?"

Dogo ya ɗago kai.

"A'a."

Muryar ta fito siririya kamar ba tasa ba.

"Me ka ce?" in ji Mama.

Ya miƙe tsaye. Kujerar ta faɗi ta baya, bai ko waiga ba.

"Na ce a'a, Mama. Ki gafarce ni. Ba za ta bar fenti ba. A cikin fentin na gan ta, a cikinsa nake sonta. Gwaggo, faratanta lafiyarsu ƙalau, bakinta kuma shi ne ya gaya min gaskiyar da ba wanda ya taɓa gaya min. Kawu, nan gidan ubanta ne, kullum ta ga dama za ta zo, ni zan kawo ta."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yaron nan an ba shi wani abu ya ci!"

Ya juya ga Madam.

"Ke kuma, kin san motar da nake nufi ranar da na yi maganar nan. Kina wurin. Motar da muka fitar mummuna ce, ni na sani, ke kin sani, Manaja ya sani. Ba za a ƙara haɗa fuskar matata da ita ba. Ƙarin girman kuma, ki ba wanda kika ga dama."

Madam ta ɗauki jakarta, takalminta na ƙwas-ƙwas har mota. Ta tayar ta tafi, ta manta cewa ita ce ta kawo su Mama.

Mama ta kalli ɗanta, baki buɗe.

"Tunda na haife ka ban taɓa jin ka ce min a'a ba."

"Ni ma yau na fara ji, Mama."

Dariya ta kuɓuce wa Auta a tsakiyar kuka. Ta rufe fuska da tafin hannu, ta shafa wa kumatunta shuɗin fenti ba ta sani ba.

Baba ya tashi a hankali. Ya zagaya Dogo sau ɗaya, yana duba shi sama da ƙasa kamar motar da aka kawo gyara.

"Har yanzu motarka mummuna ce," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Kuma ba za ta shigo garejina ba."

"To, Ba..." Ya kama bakinsa, ya saci kallon Auta.

Ta share hawaye. "Wannan kam ka ce to, rabin raina."

Baba ya juya ga Maman Dogo, wadda har yanzu ba ta dawo daidai ba.

"Hajiya, mai motarku ta gudu. Ku zauna a kawo muku ruwa mu tsayar da rana. In mun gama, ni da kaina zan mayar da ku gida."