Muryar Cenelia

Yarledis na soya ayaba a kicin, Gwaggo Tomasa ta faɗo gidan ko gaisuwa babu, rediyo a hannunta.

– Nicanor! Fito ka ji ikon Allah! Matarka ce ke waƙa a rediyo!

Cokali ya kuɓuce wa Yarledis. Mahaifinta, Don Nicanor, ya fito yana gyara hularsa ta kaba, ya tsaya cak. Muryar Cenelia ce, matarsa da ta daɗe da rasuwa, tana rera waƙar da takan yi in tana wanki a rafi. Sai dai a ƙarƙashin muryar wani kiɗan na'ura ne ke dukan ƙirji. Mai gabatarwa ya shiga zuba yabo, wai masana kiɗa a Bogotá har da na ƙasashen waje sun ce bana ba a yi albam kamar na Éder Cassiani ba.

Éder shi ne saurayin Yarledis, har an sa ranar aurensu. Aikinsa haɗa kiɗa da kwamfuta a wani ɗan situdiyo a birnin Cartagena.

– Wa ya ba shi kaset ɗin uwarki? in ji tsohon.

– Ni ce, Baba. Na ga suna lalacewa a akwati...

– Kika tambaye ni?

Ta sunkuyar da kai. Tun ranar jana'iza ya kulle kaset ɗin, ya rataye gangarsa, bai sake taɓa ko ɗaya ba. Ta san in ta tambaya zai hana, shi ya sa ta yi shiru.

Da yamma Éder ya iso garinsu, María la Baja, da murnarsa, har da kifi ya riƙo wa surukinsa. Ko kujera ba a ba shi ba.

– Kai ne ka kai min mata gidajen rawa, mashaya na tsalle a kan muryarta? Mai danna maɓalli yana kiran kansa makaɗi!

– Don Nicanor, na rantse ban yi don raini ba...

– Fita! Aure kuma na fasa!

Yarledis ta bi shi har bakin titi tana kuka.

– Éder, sori, ni na ja maka. Mu tafi kawai, mu ɗaura a Cartagena!

– Ki bar shi shi kaɗai a gidan nan? Haba, Yarle. Gaskiyarsa ce fa. Matarsa ce, mu kuma muka tsallake shi.

Washegari Éder ya cire albam ɗin daga intanet, ya kuma soke gayyatar da aka yi masa zuwa wani babban bikin kiɗa a Turai. Abokansa suka ce ya haukace, mace ta juya masa kai. Ya koma haɗa kiɗan tallace-tallace yana cin abinci. Duk Lahadi yakan hau bas ya zo coci, ya gaida tsohon daga nesa, tsohon ya kau da kai.

Ita kuwa Yarledis ta rame. Tana dafa wa mahaifinta shinkafar kwakwa, tana wanke masa kaya, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Gwaggo Tomasa ce ke yi mata faɗan.

– Nicanor, taurin kanka ya fi na jaki! Yarinya na ƙarewa kana kallo!

– Ki sa ido a gidanki, Tomasa.

Haka damina ta wuce. Wata safiya tsohon na dawowa daga kasuwa, sai ya tarar da 'yan mata 'yan makaranta a gindin mangwaro suna tafi suna waƙa. Waƙar Cenelia ce. Sun kwafe ta a wayoyinsu tun kafin a cire ta daga intanet. Ya so ya wuce, amma ya ji sun karkata baiti ɗaya.

– Kai, kai! Ba haka take faɗa ba!

– To yaya take faɗa, Kaka? Ka san ta ne?

Bai san lokacin da ya ajiye ledarsa ba. Ya rera musu, yana buga gwiwarsa da tafin hannu. Suka roƙe shi wata, ya ba su. Ɗaya ta ce da can ba ta san garinsu na da irin waɗannan waƙoƙi ba.

Ya shiga gida idonsa jawur.

– 'Yata, kira min yaron nan. Ya zo da abin nasa, in ji da kunnena.

Éder ya zo, ya jona sifika a tsakar gida. Tsohon ya zauna yana saurare. A tsakiyar waƙa ta ƙarshe sai duk kiɗan ya ɗauke ɗif, aka ji motsin ruwa, aka ji Cenelia na dariya tana cewa, “Nicanor, miƙo min sabulun mana, ka tsaya kana kallona!” Sai ga dariyar Nicanor shi ma, ta ƙuruciya.

Tsohon ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza.

– Me ya sa ba ka yanke wannan ba?

– Na kasa, Baba. Duk albam ɗin don wannan wurin na yi shi.

Tsohon ya ɗago.

– Ni na rufe ta a akwati, kai ka fito da ita. Mayar da albam ɗin mutane su ji. Amma gobe in za ka taɓa abin mutum, ka fara zuwa ka gaishe shi!

Gwaggo Tomasa ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Yarledis ta durƙusa ta riƙe ƙafar mahaifinta tana dariya tana hawaye.

Aka ɗaura aure a watan Disamba, albam ya koma duniya da sunan Cenelia a gaba, na Éder a baya. Da sun gudu a ranar fushi, da sun sami juna sun rasa uba. Sun yi haƙuri, sun amsa laifinsu, sai Allah ya haɗa musu duka biyun.