Gugar Ƙarƙashin Katifa

A wani gida a Tudun Wadar Zariya, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ita ce 'yar fari, shi ya sa Mama ba ta kiran sunanta. Sai dai ta ce, "Ke Yayarsu!"

Ƙannenta biyu ne. Akwai Adnan mai shekara huɗu, da Rauda wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Duk ranar Asabar Mama tana tafiya Islamiyyar matan aure. Kafin ta fita, sai ta bar wa yarinyar aiki.

"Ki wanke kayan ƙannenki. Ki shanya a kan igiya. In sun bushe ki hura gawayi ki goge. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

Wanki bai dame ta ba. Guga ce ba ta so. Wuta ba ta cika zuwa ba, sai dai dutsen guga na gawayi. Ga fifita, ga hayaƙi, ga toka tana ɓata riga.

Ga kuma ƙawarta Chizitere, 'yar Madam Euphemia mai shago a bakin layi. Da Mama ta fita, sai ta leƙo.

"Kin gama? Zo mu yi tsallen igiya!"

Ba su da igiyar tsalle. Don haka yarinyar ta yi dabara. Sai ta kwance igiyar shanya su tafi da ita. Kayan kuwa ta baza su a ƙasa a bayan ɗaki, a inuwar mangwaro.

Da yamma sai ta mayar da igiyar. Ta kwashe kayan, ta ninke su tsaf, ta tura ƙarƙashin katifa. Ta hau kai ta yi zamanta. Kafin Mama ta dawo, sun kwanta lumui kamar an goge.

Kayan makarantarta kaɗai take gogewa da gaske, domin Malama tana dubawa a layi.

Da damina ta kankama, sai kuraje suka feso wa Adnan a baya da ciki. Ba irin na zafi ba ne. Manya ne jajaye kamar maruru, kowanne da ɗan baki a tsakiya. Ba a jima ba Rauda ma ta sami nata a cinya.

In wannan ya warke, sai wani ya fito.

"Mama, yana cizo na!" in ji Adnan yana susa. "Wani abu yana motsi a ciki!"

"Kai, rufe min baki! Me zai yi motsi a cikin ƙurji? Cire hannunka!"

Mama ta gwada duk abin da ta sani. Ta hana su cin ƙwai. Ta hana gyaɗa. Ta daina ba su madara. Baba ya sayo sabon gidan sauro. Kuraje dai suna nan.

Kullum da safe sai an yi rigima.

"Ni ƙwai nake so!"

"Ba za ka ci ba!"

"To me ya sa Yaya take ci?"

"Domin ita fatarta lafiya lau. Sha kokonka ka ƙyale ni!"

Wata rana Mama ta ɗauki ragowar sabulu ta nufi shagon Madam Euphemia. Yarinyar ta bi ta da Rauda a baya.

"Maman Chidi, anya sabulun nan naki ba jabu ba ne?"

"Haba Maman Adnan!" in ji Madam Euphemia. "Da shi nake yi wa ɗana Chidi wanka. Ga shi can, jikinsa sumul. Wancan makon kin ce man shafawata ne. Yau kuma sabulu. Gobe ai sai ki ce ashanata ce!"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ajiye sabulun ta juya. Daga ranar gaisuwarsu ta yi sanyi.

Sai ga Kaka, mahaifiyar Baba, ta iso daga Gyallesu da ƙullin ganyen darbejiya. Ta dafa, ta yi wa yaran wanka. Adnan ya yi ta ihu.

"Yi shiru, maigidana," in ji Kaka. "Wane irin miji ne wannan mai kuka gaban matarsa?"

Aka yi ta wankan darbejiya har tukunya ta yi kore. Sabbin kuraje suka fito a kafaɗar Adnan.

Kaka ta tafa hannu. "Mugun jini ne! A kira Nagoda wanzami ya tsaga wurin, ya yi musu ƙaho."

Adnan ya san wanzami. Ya taɓa ganin askarsa. Ya ruga bayan Yaya ya ɓuya.

"Inna, a yi haƙuri," in ji Baba a hankali. "Bari a kai su asibiti tukuna."

"Ku je mana. Amma ƙafata ƙafarku. In likita ta kasa, ni da kaina zan je gidan Nagoda."

Washegari bayan an taso daga makaranta, suka tafi asibitin unguwa. Mama ta riƙe hannun Adnan. Yarinyar ta goya Rauda. Kaka tana biye tana mita.

Likitar mace ce mai fara'a. Ta haska kurajen da 'yar fitila. Ta daɗe tana kallo.

"Hajiya, a ina kuke shanya kayan yaran nan?"

"A kan igiya," in ji Mama.

"Ana goge su?"

"Duk mako! Yayarsu ce take yi. Ga ta nan. Yarinyar nan akwai ta da aiki."

Yarinyar ta gyara goyon Rauda. Ta sunkuyar da kai.

"To, da mamaki," in ji Likita. "Akwai wani ƙuda da yake yawa da damina. Yana yin ƙwai a kan tufafi masu laima, musamman in an baza su a ƙasa cikin inuwa. Ido ba ya ganin ƙwan. In yaro ya sa rigar, sai 'yar tsutsa ta shige fatarsa. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Shi na yi zato. Amma tunda kuna gogewa, bari mu ɗebi jininsu mu duba wani abin."

"Kun ji ko?" in ji Kaka. "Ita ma ba ta sani ba. Ai na faɗa. Gobe da sassafe sai gidan Nagoda."

Adnan ya ƙanƙame hijabin yarinyar.

"Yaya, ki ce kar a yanka ni."

Ta dubi bayansa, duk tabo. Ta tuna inuwar mangwaro. Ta tuna ƙudajen da take korewa in ta zo kwashe kaya. In ta yi magana, Mama za ta ji kunya gaban Likita da Kaka. In ta yi shiru, ga allura yau, ga aska gobe.

"Likita," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba na gogewa."

"Me kika ce?" in ji Mama.

"Ba na gogewa, Mama. Kuma a ƙasa nake shanyawa. Igiyar muke ɗauka mu yi tsalle ni da Chizitere."

"To ya aka yi kayan suke fitowa a miƙe?"

Kafin ta amsa, Adnan ya yi caraf. "Katifa ce take gogewa! Yaya tana zama a kai!"

Mama ta ɗora hannu a ka. "Ni Bilkisu na shiga uku! Ƙwai na hana yaron nan! Madara na hana Rauda! Na je na tsaya a shagon baiwar Allah na ce sabulunta jabu ne! Ashe ke ce kike zaune a kan maganar, har da katifa!"

Likita ta danne dariya. "Hajiya, faɗan ya jira gida. Yarinyar nan ta taimake mu. Yanzu mun san abin da za mu yi."

Ta ɗauko man basilin, ta lafta a kan wani ƙurji a bayan Adnan.

"Ta ɗan bakin nan tsutsar take shan iska," in ji ta. "In muka toshe, dole ta leƙo."

Suka zuba ido. Can sai wani ɗan farin abu ya fara motsi. Likita ta sa ɗan ƙarfe mai tsabta ta zaro shi a hankali. 'Yar tsutsa ce, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba.

"Innalillahi!" in ji Kaka, ta ja da baya.

"Ai na gaya muku yana motsi," in ji Adnan. "Kuka ce in rufe baki."

Mama ta rungume shi. "Ka yi haƙuri, Adnan. Gaskiyarka ce."

Likita ta cire sauran, ta wanke wuraren, ta ba su magani. Ta ce kada su matse ƙurji da kansu a gida. In wani ya fito, su dawo.

Da suka koma gida, Mama ta kwaso kayan Adnan da na Rauda kaf. Har zanen goyo da zanen gado. Ta jibge su a tsakar gida.

"Bismillah, Yayarsu. Wanki, igiya, guga. Ciki da bai."

Yarinyar ta ɗebo ruwa. Ta wanke, ta shanya a rana a kan igiya. Ta hura gawayi har idonta ya yi ja. Ta goge kowace riga, ta juya cikinta ta sake gogewa. Hannunta ya yi tsami.

Can sai Mama ta zo ta zauna kusa da ita, ta karɓi mafici.

"Ni ma da laifina," in ji Mama. "Na ɗauka don kyau kawai ake guga. Kuma ban taɓa taɓa dutsen ba in ji ko ya sha wuta."

"Ki yafe min, Mama."

"Na yafe. Amma saura Maman Chidi. Tashi ki raka ni."

Madam Euphemia ta saurari labarin duka. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ashanata ta tsira!" Sai ta juya ta harari Chizitere. "Ke kuma, kina tsalle da igiyar shanyar mutane, ba ki taɓa tambaya ina aka rataye kaya ba?"

Ta miƙa hannu bayan kanta, ta yanko sabuwar igiya doguwa.

"Ungo. Wannan ta tsalle ce. Ta shanya kuwa, a bar ta inda take."

Ba a daɗe ba kurajen suka bushe. Wani bai sake fitowa ba. Ranar da Mama ta soya wa Adnan ƙwai, sai da ya lashe faranti.

"Kun gani?" in ji Kaka. "Darbejiyata ce ta yi aiki a hankali."

Baba ya yi murmushi. "Haka ne, Inna. Ita da dutsen guga."

Daga ranar, yarinyar ba ta sake yin gugar katifa ba. Ta gane cewa aikin da aka ba ka, ka yi shi yadda aka ce, ko da ba mai ganin ka. Wataƙila akwai dalilin da ba ka sani ba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kafin wani ya sha wahala saboda kai.